Yadda ake zaɓar cajar batir ga motar da aka mayar ta lantarki a gida

Wanda ya sauke injin fetur ya ɗora na lantarki yakan zuba hankalinsa kacokan a kan injin, da kwantirola, da batir. Caja sai a ƙarshe ake tunawa da ita, a sayi wadda ta samu. Alhali ita kaɗai ce ke zama da batirin sa'o'i biyar, takwas, goma, ba kowa a kusa, yawanci cikin dare a rufaffen gareji. Lokacin tuƙi idonka na kan mita, lokacin caji kuwa kana barci. Don haka kafin ka tambayi saurin caja, tambayi yadda take tsayawa, da abin da take yi idan waya ta tsinke ko wata na'ura ta mutu.

A fara bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Caja ita ce akwatin da ke cikin mota, mai juya wutar gida, wato AC, zuwa wutar batir, wato DC. Akwatin da ake kafawa a bango ko wanda ke tsakiyar wayar caji ba ya juya komai. Aikinsa ya buɗe wuta, ya rufe, ya kuma faɗa wa mota iyakar abin da za ta ja.

Mataki na farko: lissafa batirinka a takarda

Kada ka duba caja ko ɗaya sai ka rubuta abu huɗu: irin batirin, yawan ƙwayoyin da aka jera, wato ƙananan batiran da aka haɗa suka zama babban batir, iyakar volt na kowace ƙwaya, da girmanta a Ah, wato amp nawa za ta iya bayarwa na tsawon sa'a ɗaya.

Ƙwayar lithiyam irin LiFePO4 tana zama a volt 3.2, iyakarta 3.65. Masu haɗa mota da yawa kan tsaya a 3.5 ko 3.55, domin abin da ke tsakanin nan da 3.65 ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma barinsa na ƙara wa batir kwana. Ƙwayoyin lithiyam irin NMC da NCA, waɗanda ake cirowa daga motocin kamfani da suka yi haɗari, suna zama a 3.6 zuwa 3.7, iyakarsu 4.2, kuma an fi son a tsaya a wajen 4.1. Kowane ƙunshi ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin batirin Tesla Model S, misali, hawa shida ne na ƙwayoyi a jere, saboda haka iyakarsa volt 25.2. Batirin dalma mai ruwa, ɗan volt 12, yana son 14.4 zuwa 14.8 kafin ya cika.

Ga misalin da za mu riƙa komawa gare shi. Ƙwayoyi 45 na LiFePO4, kowace Ah 100. A zaune jerin yana volt 144, kuma yana ɗauke da kWh 14.4. Idan za a tsaya a 3.55, caja za ta kai volt 159.75. Idan 3.65 ne, 164.25. A can ƙasa kuma, lokacin da ƙwayoyi suka sauka zuwa 2.8, jerin yana volt 126. To cajar da za ka saya dole faɗin aikinta ya rufe daga ƙasa da 126 har sama da 164, da ɗan rara a kowane ɓangare.

Rubutun "volt 144" a jikin caja bai isa shaida ba. Cajar volt 144 da aka yi wa batirin dalma goma sha biyu tana hawa har 173 zuwa 178. Ka jona ta a ƙwayoyi 45 ɗin nan, kowace za ta sha kusan volt 3.9. Lamba ɗaya ce a kwali, amma aikin ya sha bamban.

Ka kuma duba iyakar amp ɗinta, ba kilowat kaɗai ba. Cajar da aka rubuta wa kilowat 3.3 tana bayar da hakan ne a saman faɗinta. In iyakarta amp 20 ce kuma jerinka volt 100 ne, kilowat 2 za ka samu.

Mataki na biyu: duba salon cajinta da yadda take kammalawa

Lithiyam hawa biyu yake so. Da farko caja ta riƙe amp a tsaye, volt na hawa a hankali. Da ya kai iyakar da aka sa, sai ta riƙe volt a tsaye, amp ya riƙa sauka da kansa. Idan amp ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin ashirin na girman ƙwaya, wato amp 5 ga Ah 100, sai ta kashe gaba ɗaya. A takardun masu ƙera caja za ka ga an rubuta wannan salo da CC/CV.

Kashewar nan ita ce wurin dubawa. Batirin dalma yana son a ci gaba da ɗiga masa wuta bayan ya cika, a wajen volt 13.5 ga kowane ɗaya, kuma mai ruwa yana son a riƙa ɗaga masa volt jefi-jefi har ya yi kumfa don ƙwayoyinsa su daidaita. Dukansu biyu cuta ne ga lithiyam. Riƙe shi a cike yana tsufar da shi da wuri, ɗaga masa volt kuwa yana kumbura shi. Cajar da ke da wannan ɗigon da wannan ɗagawar kuma ba a iya kashe su, ba ta lithiyam ba ce, ko me mai sayarwa ya ce.

Bayan ta kashe, ta zauna a kashe. Ƙwayar LiFePO4 da aka kai 3.55 takan sauko zuwa wajen 3.35 ko 3.4 bayan ta huta, kuma hakan lafiya ce. Caja marar wayo tana ganin saukar nan sai ta sake tashi, ta cika, ta kashe, ta sake tashi, har gari ya waye. Nemi wadda ba ta sake farawa sai an zare fulogi an mayar, ko sai volt ya sauka sosai.

Sannan a iya sauya lambobinta. Wasu cajojin sai an mayar wa dillali kafin a canza musu iyaka. Motar da aka haɗa a gida kuwa ba ta zama yadda aka fara ta: yau ka ƙara ƙwaya uku, gobe ka cire ɗaya da ta mutu. Ka cire ƙwaya ɗaya daga 45 ba ka rage iyakar caja ba, sauran 44 za su raba volt ɗinta a tsakaninsu, kowace ta tashi daga 3.55 zuwa 3.63. Wadda ake saitawa da maɓalli, ko kwamfuta, ko ta wayar sadarwa ta fi.

In batirin dalma kake amfani da shi, ƙara sharaɗi ɗaya: ta zo da ɗan ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin batir. Iyakar volt na dalma tana raguwa da milivolt 3 zuwa 5 ga kowace ƙwaya a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Jerin volt 144 ƙwayoyi 72 ne, saboda haka ƙarin digiri 10 na nufin a rage kusan volt 3. In ba a rage ba, ruwan batir zai riƙa ƙonewa. Kuma dalma mai ruwa na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, dole akwatinsa ya sami mafitar iska.

Mataki na uku: tabbatar tana jin maganar BMS

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Caja jimilla kawai take gani. Ba ta san abin da kowace ƙwaya ke ciki ba. Na'urar kula da batir, wadda ake kira BMS, ita ce ke da waya a kan kowace ƙwaya.

Duba yadda ɓarna ke faruwa. An saita caja a volt 159.75. Ƙwayoyi 44 suna 3.53, jimillarsu 155.3. Saura volt 4.4, kuma duk a kan ƙwaya ɗaya da ta riga 'yan uwanta cika. A idon caja komai daidai ne, lambarta ba ta wuce ba. Ƙwayar nan kuwa tana zafi, cikinta na kumbura, murfin numfashinta na gab da buɗewa. LiFePO4 haka take: volt ɗinta a kwance yake kusan duk tsawon caji, amma da ta wuce 3.45 sai ya haura cikin mintuna kaɗan. Da NMC ce ta wuce iyakarta haka, maganar gobara ake yi.

Hanyoyin da BMS ke sarrafa caja biyu ne. Ta farko wayar izini ce: siraran wayoyi biyu, in an haɗa su caja ta yi aiki, in an raba ta tsaya. Abin lura shi ne alkiblar izinin. Dole ya zama sai an ba ta izini take aiki. Akwai masu yin akasin haka, suna aiki har sai an aiko musu da saƙon tsayawa. Irin waɗannan, ranar da wayar ta tsinke, ko fiyus ɗin BMS ya ƙone, ko batirin volt 12 ya mutu, babu mai tsayar da su. Tsinkewar waya ya zama daidai da umarnin tsayawa, wannan ba abin sassautawa ba ne.

Ta biyu wayar sadarwa ce ta CAN, irin wadda kwamfutocin mota ke magana da ita. A nan BMS na faɗa wa caja iyakar volt da iyakar amp a kai a kai, caja kuma na mayar da rahoton abin da take bayarwa da duk matsalar da ta gani. Cajojin kamfanin TC, waɗanda ake kuma sayarwa da sunan Elcon, suna jiran saƙo duk daƙiƙa ɗaya, in suka yi daƙiƙa 5 ba su ji komai ba sai su tsaya. Halin da ake nema ke nan. Kafin ka saya, buɗe takardar BMS ɗinka ka ga ko sunan cajar na cikin waɗanda take iya magana da su, domin CAN hanya ce kawai, kowane kamfani da yarensa a kanta. Saurin maganar ma dole ya zo ɗaya, ko 250 ko 500 kbps, wato ma'aunin saurin saƙo. Wayoyin CAN biyu ne, a murɗe su tare, a sa rezista mai ohm 120 a kowane ƙarshe. In komai na kashe ka auna tsakaninsu, mita ta nuna ohm 60. Ta nuna 120, ɗaya ya ɓace. Ta nuna 40, an sa uku.

Fifikon CAN shi ne ana iya rage wuta maimakon a yanke ta. Yawancin BMS suna daidaita ƙwayoyi ne ta hanyar ƙona ɗan abin da ya yi yawa a kan waɗanda suka riga cika, kuma abin da suke iya ƙonawa bai kai amp ɗaya ba, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na amp ba. Idan caja na tura amp 20, wannan ɗigo ne a teku. Cajar kirki tana iya sauka zuwa amp ɗaya ko ƙasa ta zauna a nan lafiya, har na baya su kamo na gaba. Tambayi mafi ƙarancin amp da take iya riƙewa, domin ba kasafai ake rubuta shi a talla ba.

Zafi ma ta nan yake shigowa. Ba a cajin lithiyam a ƙasa da digiri 0 na Salshiyas, domin ƙarfen lithiyam kan taru a fuskar farantin ciki maimakon ya shige, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. Sama da digiri 45 ma a dakata. BMS ce ke da ma'aunan zafi a cikin akwatin batir, ita za ta hana.

Ko da CAN na aiki, a ƙara layin tsaro na biyu wanda bai dogara da na farko ba: kontakta, wato babban makunnin da wuta ke rufewa da buɗewa, a kan wayar AC mai shiga caja, wadda BMS ke riƙe da ita a rufe, ta sake ta in wata ƙwaya ta wuce iyaka. A ɓangaren AC ake yankewa. Yanke DC alhali caja na tsakar turawa yana sa volt ya yi tsalle a bakinta ya ƙona ta, kuma tartsatsin DC na iya narkar da bakin kontakta ya manne. Caja mai agogon kanta, wadda ke kashewa in caji ya wuce sa'o'in da aka ƙayyade, ta ƙara maka layi na uku.

Mataki na huɗu: zaɓi wadda ta raba wutar gida da batir

A cikin caja mai rabewa akwai taransifoma tsakanin shiga da fita, babu wayar da ta ratsa kai tsaye. Marar rabewa ta fi sauƙin nauyi da sauƙin ƙira, kuma an daɗe ana amfani da irinta a motocin gida, cajojin kamfanin Manzanita Micro masu suna PFC suna cikinsu. Amma muddin tana jone, kowane kan batir a motar yana haɗe da wutar gida. Ka taɓa ɗaya kana tsaye a ƙasa, wuta za ta ja ka. Haka kuma duk wata 'yar yoyon wuta zuwa bodi za ta riƙa faɗar da na'urar kariya ta gida. Yoyon kan zo ta danshin asid a saman batirin dalma, ko ta ƙurar gawayin burushi da ke taruwa a cikin injin DC. Ga wanda ke haɗa motarsa ta farko, mai rabewa ce zaɓi. A takardarta nemi layin da ya faɗi volt ɗin da ta jure a gwaji tsakanin shiga da fita, yawanci daga 1500 zuwa sama.

Haɗin nan da wasu ke yi da dayod huɗu da kwan fitila ko kafasita, su jona batir kai tsaye a soket, ba shi da rabewa, ba shi da iyakar volt, ba ya kashe kansa. Kada a kusance shi.

Rabewa ba ta ɗauke wajibcin wayar ƙasa. Wayar ƙasa ta fulogi ta isa jikin caja da bodin mota, kuma layin da ake caji a kansa ya kasance da na'urar yanke wuta in ta yoyo, mai miliamp 30 a ƙasashen da ke amfani da volt 230. Don cajin mota ana son nau'in B, ko nau'in A haɗe da mai gano yoyon DC na miliamp 6, saboda yoyon DC na iya dushe nau'in da aka saba sawa a gidaje har ya kasa faɗuwa.

Mataki na biyar: auna ta da soket ɗin da za ta sha

Koma ga misalinmu. In ka yi amfani da kashi 80 na batirin, Ah 80 za a mayar. Cajar kilowat 3.3 tana ba da wajen amp 20 a volt 160, wato sa'o'i 4, da ƙarin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya na kammalawa. Ta kilowat 1.5 za ta ɗauki kusan sa'o'i 9. In motar kwana take a gida, ƙaramar ma ta wadatar, kuma ta fi sauƙi ga waya da soket.

Abin da take ja ya fi abin da take bayarwa. Caja mai kyau tana mayar da kashi 90 zuwa 94 na wutar da ta sha. A kashi 93, kilowat 3.3 na buƙatar wat 3550, wato amp 15.4 a volt 230. Wannan ya cika layin amp 16 maƙil, na tsawon sa'o'i. Soket ɗin gida mai amp 13 ba zai ɗauka ba, shi amp 10 ake ja a kansa in cajin zai daɗe. A Amurka ƙa'idar ita ce kayan da ke aiki sa'o'i uku ko fiye kada su wuce kashi 80 na ƙarfin layi, saboda haka layin amp 15 a volt 120 amp 12 yake bayarwa, wat 1440 ke nan.

Abubuwa uku ake nema a nan. Na ɗaya, a iya rage amp ɗin da take ja, don ranar da ka sami kanka a gaban ƙaramin soket. Na biyu, ta karɓi wuta mai faɗi, kamar daga volt 90 zuwa 265, kuma ta rage ƙarfinta da kanta in wutar ta yi ƙasa. Na uku, ta kasance da gyaran jan wuta da ake rubutawa PFC. Caja marar shi tana fizgar wuta ne a ƙololuwar kowane kaɗawa, kason wutar da ke amfani cikin abin da ta ja kan tsaya a wajen 0.65, sai ka ga daga amp 16 a volt 230 wat 2400 kawai ke amfani, waya kuma na ɗaukar zafin amp 16 cif. Mai shi tana kai 0.98 ko fiye, kusan wat 3600 daga soket ɗin nan dai.

In wuta ta ɗauke ta dawo, caja ta ci gaba da kanta, amma a hankali, kuma bayan ta sake samun izinin BMS.

Mataki na shida: shirya wa wuraren cajin jama'a

In kana son caji a waje, sa wa motar bakin J1772, wanda ake amfani da shi a Amurka da Japan, ko Type 2 na Turai. Dukansu suna magana ta siririyar waya guda. Akwatin bango yana sa mata volt 12. Da an soka fulogi, rezista mai ohm 2740 da dayod a cikin mota suna sauke shi zuwa 9, alamar mota ta zo. In motar ta shirya sai ta ƙara rezista mai ohm 1300 a gefen na farko, volt ya sauka zuwa 6, sannan akwatin ya saki wuta. Iyakar amp kuwa tana cikin faɗin bugun da akwatin ke aikowa sau 1000 a daƙiƙa: a ninka kason da 0.6. Kashi 50 na nufin amp 30, kashi 27 na nufin wajen amp 16.

Ana iya yaudarar akwatin da rezista biyu da dayod kawai ya saki wuta, amma caja ba za ta san iyakar ba, za ta ja abin da ta saba, ta faɗar da bireka, wato na'urar da ke yanke wuta in an ja fiye da ƙima. Nemi cajar da ke karanta bugun da kanta, ko BMS ko ɗan allon da zai karanta ya faɗa mata. Haka nan ta lura da maɓallin sakin fulogin J1772, ta sauke amp kafin a zare, don kada bakin ya riƙa ƙonewa.

Cajin gaggawa na DC wani babi ne daban, ba ya bi ta cajar cikin mota sam, kuma tashoshi da yawa ba sa sauka zuwa volt ɗin ƙananan jeri.

Mataki na bakwai: zafi, ruwa da girgiza

Wat 250 ɗin da suka ɓace a lissafin sama zafi suke zama a jikin caja. In ka rufe ta a but ba mafitar iska, za ta rage ƙarfi ko ta kashe, caji na sa'o'i 4 ya koma 7. Wadda ke ragewa a hankali in ta yi zafi ta fi wadda ke yankewa kwatsam. Mai fanka tana son tazarar tafin hannu a gaba da baya. Daga kilowat 6.6 zuwa sama yawanci ruwa ke sanyaya su, wanda ke nufin famfo da lagireto su riƙa aiki lokacin caji. In a ƙarƙashin bonet ko ƙasan mota za ta zauna, lambar kariyarta daga ƙura da ruwa ta kai IP65 ko IP67. Cajar da aka yi don ajiyewa a kan tebur ba ta jure girgizar hanya, manyan kafasitocinta kan karye daga allo.

Mataki na takwas: ƙananan abubuwan da ke hana babbar asara

Sa fiyus a wayar da ta tashi daga caja zuwa batir, kusa da batir, domin in wayar ta gogu da bodi daga batir wutar za ta kwararo. Fiyus ɗin ya zama na DC, mai volt sama da na jerinka. Na AC ba ya iya kashe tartsatsin DC, saboda AC na ratsa sifili sau 100 ko 120 a daƙiƙa, DC kuwa ba ya ratsawa. Ga amp 20, fiyus mai amp 30 da waya mai milimita murabba'i 4 sun isa, kuma wayar ta zama ruwan lemo, launin da aka ware wa duk abin da ya wuce volt 60 na DC a mota.

Caja ta kasance da kariya daga juya kai da gindi, da rile ko dayod a bakin fita. In babu, ranar da ka fara jona ta kafasitocinta za su zuƙi wuta da ƙara da tartsatsi, kuma tana iya riƙa tsotsar batir a hankali in motar na ajiye.

Ta kuma ba da siginar hana tuƙi: muddin fulogi na soke, babbar kontakta ta injin ba za ta rufe ba. Sannan ka tuna BMS, kontakta, fanka da famfo duk daga batirin volt 12 suke sha. In na'urar da ke cika shi daga babban batir ba ta tashi lokacin caji, zai iya mutuwa tsakar dare, caji ya tsaya.

Ana samun cajojin da aka ciro daga Chevrolet Volt, Mitsubishi Outlander, Nissan Leaf da Tesla. Ƙirarsu mai ƙarko ce, suna da rabewa, amma an yi su ne don jerin volt 300 zuwa 400, ruwa ke sanyaya su, kuma ba sa motsi sai an aika musu saƙonnin CAN da suka saba ji. Ga jerin volt 144 yawancinsu ba su da amfani.

Mataki na tara: gwajin ranar farko

Cire zobe da agogo, sa safar hannu ta masu aikin lantarki mai jure volt 1000, naɗe maƙallan sifana da tef. Fulogi na zare, auna daga ƙafar ƙasa ta fulogi zuwa bodi, ya zama kusan sifili, ƙasa da ohm ɗaya. Sannan ka cire wayoyin BMS da kwantirola, ka auna rabewar jerin batir da bodi da mitar gwajin rufin waya. Mafi ƙarancin da ake karɓa ohm 500 ne ga kowane volt, wato ohm 80,000 ga volt 160, amma jeri mai lafiya miliyoyi yake nunawa.

Mayar da wayoyin, tabbatar da kai da gindi da mita kafin ka ɗaura na caja, kada ka dogara da launin waya. Fara da amp 5. Gwada abin da caja ke cewa da abin da mitarka ke nunawa a kan batir. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a volt 160 ya kai volt 1.6, in ka ga haka gyara saitin ya bi mita.

Yanzu gwada tsayawa, caji na tafiya. Zare wayar izini ko ta CAN: amp ya faɗi sifili cikin daƙiƙa kaɗan. Mayar, ka cire fiyus ɗin BMS: ta tsaya. Mayar, ka shiga saitin BMS ka sauke iyakar ƙwaya zuwa ƙasa da inda ƙwayoyin suke a lokacin: ta tsaya, kontaktar AC ta buɗe. Gwada tayar da motar fulogi na soke: ta ƙi. Ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, ba a bar motar a caji ba kowa sai an gyara. Kada ka manta ka mayar da iyakar ƙwaya yadda take.

Sai ka ɗaga amp zuwa cikakke. Bayan rabin sa'a bi fulogi, soket, fiyus da kowane maɗauri da ma'aunin zafi na nesa. Wurin da ya fi maƙwabtansa zafi sosai, ɗaurinsa ya yi sako-sako ko wayar ta yi siriri. Zauna da ita har ƙarshe, idonka a kan ƙwaya mafi sama da mafi ƙasa. In BMS ce ke yanke caji tun jimilla ba ta kai iyaka ba, laifin ba na caja ba ne, ƙwayoyin ne ba su daidaita ba: rage amp zuwa ɗaya ka bar su su kamo juna, ko ka cika na bayan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar caja. In komai ya tafi daidai, za ka ga volt ya tsaya a 159.75, amp na gangarowa daga 20 zuwa 5, sannan ta kashe. Rubuta lokacin da ta ɗauka, da volt na ƙwaya mafi sama da mafi ƙasa a daidai lokacin kashewa, ka dawo bayan sa'a ɗaya ka tabbatar ba ta sake tashi ba.